Gogen Baffa Sule Mai Tsirkiya Bakwai

Duk wanda ya san Bebeji zamanin dalar gyaɗa ya san da an sallame La'asar, Baffa Sule zai shige shigifarsa, ya jawo ƙofa, kaji su watse. Goge zai ja! Mutum da rumbunansa da furfurarsa, ba maroƙi ba, ba jikan maroƙi ba. Ni Hansatu, 'yar wansa da ya riƙe, in na je rijiya lulluɓe fuska nake yi.

Gogen ma ba irin na mutane ba ne. Ya sa wani maƙeri a Doguwa ya ƙara masa wayoyi shida a baya, yana jan izga ta gaba, yana taɓa su da babban yatsa. Kukan kamar an take wutsiyar kyanwa. In an yi magana ya ce, "Kunnenku ne bai nuna ba."

Ba ya kiɗa a taro. Su uku ne rak: shi, da Tanko mai kukuma, da Ilu mai ƙwarya, yana ciyar da su. Kowace Juma'a sai Tanko ya ƙago masa sabon kiɗa. Ran nan ya kawo mai wuya, Baffa ya kasa.

"Tanko, wannan ai na nuna iyawa ne."

"To, Baffa, a rage?"

"A'a! Kai ka ja mai wuyar, ni in riƙa gyaɗa kai."

Sai ga maganar aurena da Habu, ɗan wani malami a Kiru, wanda nake mutuwar so. Malam ya ji labarin goge, ya ce ba zai haɗa zuri'a da gidan kiɗa ba sai ya gani da idonsa. Ranar da Malam zai zo da mutanensa na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah a ɓoye gogen yau kaɗai."

"A ɓoye? Sata na yi?"

Wallahi ko fura baƙi ba su gama sha ba ya kira su Tanko. Ina bayan zana, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ja, ya ja, har akuyarmu ta tsinke igiya.

Malam ya ce, "Malam Sule, abin da na ji ana ƙi kiɗa ne. Wannan kuwa, tsakani da Allah, ba kiɗa ba ne. A sa rana."

Shigifa ta kaure da dariya, har da Tanko, shi da ya shekara goma yana cewa "Madalla, Baffa."

Da baƙi suka tafi ya iske ni a tsakar gida, gogen a hammata. Ya ce, "An ba da ke, Hansatu. Ashe nawa kunnen ne bai nuna ba."

Ya rataye shi, bai sake taɓa shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Na yi auren, na haifi 'ya'ya, amma har yau in La'asar ta yi shiru sai in ji kunyar daɗin da na ji ran nan.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa kabari, Ya jiyar da shi abin da ya daɗe yana nema a cikin wayoyin nan.