Layin da Mai Rumbu Bai Rubuta a Rahoto Ba

A gidan rediyon ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Rumbu ake ce masa, daga darakta har mai shara, kuma sunan ya bi shi har gida. Shekararsa goma sha huɗu yana aiki a wani ɗaki na ƙasa, can ƙarshen baranda. Ɗakin ba taga. Akwatunan ƙarfe biyu ne a tsaye, kowanne ya fi shi tsawo, cike da fayafayan ajiyar bayanai na kwamfuta jere-jere, kowane faifai da 'yar fitilarsa koriya. Saboda sanyin wurin, ko da tsakar rana da rigar sanyi yake zama. Yayarsa ta taɓa leƙowa sau ɗaya, ta koma ta shaida wa dangi cewa ƙaninta ya yi digiri ne don ya yi gadin firji.

Ɗan mai gyaran agogo ne. A wajen mahaifinsa ya gaji haƙuri da son tsari, da kuma ƙin a ce ya yi kuskure.

Aikinsa shi ne ya haɗa fayafayan nan rukuni-rukuni, takwas-takwas, sannan ya haɗa rukunan su zama rumbu, kowane sashe da nasa: na labarai, na shirye-shirye, na taska. A cikin rukuni ana baza bayanai ne ta yadda in faifai ɗaya ya mutu ba a rasa komai. Akwai kuma faifan ko-ta-kwana, wanda ke zaune ba ya aikin komai, sai ranar da wani ya mutu ya maye gurbinsa da kansa. Amma in na biyu ya mutu ba a cike gurbin na farko ba, rukunin ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Wannan karatu Mai Rumbu ya yi wa mutane shi ya fi sau ɗari.

A hawa na biyu akwai wata dattijuwa da ake kira Gwaggon Taska. Shekara tara ta yi tana juye tsofaffin kaset-kaset na gidan zuwa na'ura, ɗaya bayan ɗaya, da abin sauraro a kunne da tabarau a kan hanci. Hirarraki ne da wasanni da muryoyin mutanen da yawancinsu sun daɗe a ƙasa. Wanda ta gama da shi sai a zubar, domin funfuna ta ci su, kuma ana son ɗakin da suke ciki. Duk wata takan sauko, tana dafa bango.

"Ɗana, da sauran wuri a rumbuna?"

"Akwai, Gwaggo. Ki yi ta zubawa."

Wata Alhamis da la'asar shugaban sashen labarai ya faɗo ɗakin yana huci. Rumbunsu ya cika taf, ba a iya ajiye ko minti ɗaya, ga labaran ƙarfe shida na matsowa. Sababbin fayafayan da aka yi oda ba su iso ba. Mai Rumbu ya duba nan ya duba can, idonsa ya faɗa kan faifan ko-ta-kwana na rumbun taska, wanda shekara huɗu bai motsa ba. Ya cire shi daga can ya ƙara wa labarai. Ya ce wa kansa aro ne, mako biyu ya mayar. Bai rubuta a ko'ina ba, don bai ga abin rubutawa ba.

Sababbin fayafayan sai bayan mako bakwai suka zo, lokacin sashen shirye-shirye ne ke kuka. Ya zuba musu duka. Maganar aro ta fita daga kansa kamar ba a yi ba.

Bayan wata biyar, wata Asabar da hantsi, yana zaune a asibiti yana jiran a duba idon surukarsa, saƙo ya shigo wayarsa: faifai ɗaya ya mutu a rumbun taska. Ya karanta, ya ce a ransa na ko-ta-kwana zai ɗauka, ya mayar da wayar aljihu. Ranar Litinin da ya buɗe ƙofa, fitilu biyu ya tarar ja. Ya tsaya da makulli a hannu, sai a lokacin ya tuna Alhamis ɗin nan. Ya zauna a kan wani kwali da ke bakin ƙofa.

Kwana tara ya yi yana fama. Akwai wani kwafi da aka yi shekara uku da suka wuce, daga nan ya dawo da aikin Gwaggo na shekara shida. Na shekara ukun ƙarshe, wajen awa dubu da ɗari, ya tafi.

Shi aka sa ya rubuta rahoto, tunda ba wanda ya san kan na'urar sai shi. Ya rubuta cewa fayafayai biyu sun mutu a jere saboda tsufa. Gaskiya ne. Ya rubuta cewa ya kamata a riƙa yin kwafi akai-akai. Wannan ma gaskiya ne. Layi ɗaya ya rage, na faifan da ya ara, ya rubuta shi, ya dube shi, ya goge. A taron ma'aikata darakta ya sa aka tafa masa, ya ce ba don shi ba da an rasa komai. Gwaggo ta saƙa masa hular sanyi da hannunta ta kawo. Ya karɓa da hannu biyu, ya jefa ta cikin aljihun tebur, bai iya sa ta ba.

Tun daga nan ya daina bi ta matakalar da ke wucewa ta ƙofarta. A gida ya koma cin loma biyu ya ture kwano. 'Yarsa ta ce Baba ya daina dariya ko da an ba da labarin gadin firjin nan na yayarsa. Wata safiya bayan yara sun fita, matarsa ta ajiye tsintsiya ta zauna a gabansa.

"Baban yara, ko dai ciwo kake ɓoye min?"

Ya faɗa mata duka, yana kallon tabarma. Ta ce, "To, na ji. Amma ni ka yi wa ɓarnar?"

"In na faɗa, aikin ne zai tafi."

"Wataƙila. Yanzu ma ai ba kai ke zuwa aikin ba, gangar jikinka ce."

Duk da haka ya ƙara mako uku bai ce komai ba. Abin da ya karya shi a ɗakin shan shayi ya same shi. Ya shiga ya tarar da Gwaggo tana ba wata ma'aikaciya labari: wani mutum ya zo daga nesa neman hirar da aka yi da mahaifiyarsa, ungozoma, shekara talatin baya, yana so 'ya'yansa su ji muryarta. Hirar na cikin waɗanda suka tafi.

"Ni na sa hannu aka zubar da kaset ɗin," in ji Gwaggo. "Da hannuna. Ban san da wane ido zan dubi mutumin nan ba."

Mai Rumbu ya ajiye kofinsa bai sha ba. Ya jira ta koma ofis, ya bi ta, ya tura ƙofa, ya tsaya a tsaye.

"Gwaggo, ba ke ba ce. Ni ne."

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da wayar da ya mayar aljihu. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi.

"Wata nawa ke nan kana kallona ina cin kaina?"

"Biyu."

"Kuskuren ban riƙe ka da shi ba, kowa na yi. Wata biyun nan ne ban san inda zan ajiye su ba." Ta mayar da tabarau. "Ka je ka faɗa wa darakta. Ba zan raka ka ba."

Ya je. Ba a kore shi ba, wataƙila don ba mai maye gurbinsa. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka kafa doka cewa ba a taɓa faifan ko-ta-kwana sai mutum biyu sun sa hannu. Shugaban labarai ya ce shi dai wuri ya nema, bai ce a ɗauko na kowa ba. Gwaggo ta ci gaba da amsa gaisuwarsa, a taƙaice.

Shi ya roƙi a yi sanarwa a iska, duk wanda ya taɓa naɗar shirin gidan a kaset ya taimaka ya kawo. Mutane kaɗan suka amsa, yawanci tsofaffi da ba sa iya fitowa, don haka shi ke bin su gida-gida ranar Asabar a kan babur ɗinsa. A shekara ɗaya ya tara awa sittin da uku. Ta ungozomar ba ta fito ba, ko da yake ba gidan da ya shiga bai tambaya ba.

Na ƙarshe da ya samo kafin Gwaggo ta yi ritaya, wani tsohon direba ne ya ba shi. Rabin kaset ɗin an naɗi kukan jariri da surutun gida a kansa, sai minti goma sha ɗaya na wani wasan kwaikwayo suka tsira. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta rubuta kwanan wata a jikin kwalin kaset ɗin, ta miƙa masa.

"A saka duka a rumbun taska," ta ce, "har da jaririn."