Gafakar Baba Mai Aljihu Bakwai

Wata Laraba da hantsi, a damina ta biyar da shigowar Nasara Sakkwato, ina zaune a zaurenmu ina murza zare da kakin zuma sai ga masinjan Bature ya yi sallama. Shekarata tara. Baba, wanda dukanci ne sana'arsa, ya tafi majema ɗauko jar fata, ya bar ni da Kaka, wadda idonta ya riga ya tafi. Masinja ya ce Bature na tara tsofaffin takardu a kwafa, a ba shi gafakarmu.

Gafakar nan Baba ya ɗinka ta da hannunsa, ni nake miƙa masa basilla. Aljihu bakwai gare ta, tana buɗewa tana tsukewa kamar zugazugin maƙeri. Na farko na addu'o'i ne, na tsakiya na wasiƙu, a na ƙarshe kuma takardar gonarmu ta fadama take, da hatimin alƙali. Wannan gona ita ke ciyar da mu. Na kuma san maƙwabcinmu ya ba da takardunsa tun bazara, bai sake ganinsu ba.

Na sauke gafakar daga maratayi na rungume. Na ce masa a gidanmu takarda ba ta zuwa wurin mai karatu, mai karatu ne ke zuwa wurinta. Duk mai son kwafa ga buzu, ya zauna ya kwafa, haka ɗalibai ke yi tun zamanin kakanmu.

"Ke ɗiyar nan, kin san wa ya aiko ni?"

"Na sani. Shi ma ga buzu."

Ya miƙo hannu, na faɗa cikin gida da gudu, inda baƙon namiji ba ya shiga. Kaka ta dogara sandarta a bakin ƙofa ta ce, "Malam, iyakarka nan." Masinja ya juya ya tafi hannu wofi. Da Baba ya dawo ya ji, sai da ya yi gumi, amma bai dake ni ba.

Bayan kwana tara wani magatakardan Bature ya zo da alƙalami da tawada, ya cire takalmi, ya zauna a buzun nan ya kwafa, ina tsaye a kansa har ya gama.

Yau na tsufa a dillanci, har jakunkunan kwali masu aljihu ina sayarwa, damina biyu gara ta gama da su. Ina kallon mutane suna miƙa takardar gidansu ga duk wanda ya ɗaure fuska. Gafakar tana ɗakina, gonar kuma jikokina ke nomawa. Abin da ka riƙe da hannu biyu shi ne naka.