Wanda Ya Ɗauki Gawar Harlan

Duk wanda ya taɓa sayen ko da allura a babban kantin garin Corbel ya san Verna Hostetler, domin ita ce a bakin ƙofa. Gajeruwar mace ce mai furfura, cikin koriyar rigar aiki, aikinta ta yi wa mai shigowa sannu da zuwa ta tura masa keken zuba kaya. Wani zai ce wannan ai ba aiki ba ne, amma Verna ta riƙe shi kamar gadon gidansu. Ta san wanda aka yi wa aiki a gwiwa da wadda ɗanta ya tafi soja, kuma ba ka wucewa sai ka ba ta labari.

Kantin reshe ne na wani kamfani mai rassa a ko'ina cikin ƙasar. Mutanen gari ba sa wahalar kiran sunansa, Sito suke ce masa, don haka ginin yake, ba taga ba ado. Ranar da kamfanin ya zo neman fili da rangwamen haraji, an yi taro a zauren gari. Orville, yayan Verna, wanda ke riƙe da shagon kayan abinci na mahaifinsu, ya tashi ya ce ana shirin ba kura ajiyar nama. Verna ta tashi bayansa ta ce yaran gari sun gaji da tafiya birni neman aiki, madara ma ta fi ƙarfin talaka. Ba ta kama sunan kowa ba, amma mutum ɗaya ne ke sayar da madara a Corbel. Aka tafa mata, kuma tafin ya yi mata daɗi.

Sito ya buɗe ya yi ta sayar da ƙwai da burodi ƙasa da yadda Orville ke saro su, har shagon ya mutu. Na mai magani da na mai takalma suka bi bayansa. Da aka gama da su, farashi ya fara ɗaga kai a hankali yadda ba mai lura. Ginin shagon ma daga baya aka rushe shi. Orville bai zagi ƙanwarsa ba, da ma ya zage ta da ya fi sauƙi. Sauya benci kawai ya yi a coci, gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Verna kuwa ta sami wasu dangin a Sito. Kullum da safe a tara ma'aikata a yi tafi a ce duk 'yan gida ɗaya ne, ita kuma ta ɗauki maganar da gaske. Manajan, Gordon Kessler, mutum ne mai zaƙin baki, Mama Verna yake kiranta. Da matarsa ta haihu, Verna ce ta kai musu abinci har mako ya zagayo.

Sai mijinta Harlan ya rasu. A Corbel maza shida ke ɗaukar akwatin gawa, matar mamaci ce ke zaɓen su, kuma kowa a coci yana ƙirga su da ido, don a nan ake sanin waye na gida. Wanda ya ɗauki gawar mijinki ya zama ɗan'uwa har abada, ba ya cin amanarki, haka aka taso aka tarar. Kessler ya zo gaisuwa da gasasshen nama, ya zauna har da hawaye. Orville ya zo ya tsaya a baranda, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tafi. Zuciya ta ɗebi Verna, ta sa Kessler a gurbin da kowa ya san na yayanta ne. Orville ya tsaya a bayan jama'a a maƙabarta da hularsa a hannu.

Shekaru suka tafi. Da wa'adin rangwamen haraji ya kusa cika, aka fara ganin wani gini da ya ninka Sito yana tashi can bayan iyakar gunduma, inda aka yi wa kamfanin sabon rangwame. Hankalin ma'aikata ya tashi, wasu suka fara neman wani aikin. Verna ta tare manajan a bakin ƙofa.

"Gordon, dubi idona. Rufe mu za a yi?"

"Haba Mama Verna," ya ce, yana dariya. "Ni da na ɗauki Harlan a kafaɗata zan yi miki ƙarya? Wancan daban, wannan daban. Sai kin gaji da tsayuwa don kanki."

Shi ke nan, ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya tana kwantar musu da hankali. Wata da ta sami aiki a kicin ɗin asibiti ta fasa zuwa saboda maganar Verna. Aka yi cinikin Kirsimeti da cikakkun ma'aikata, ana shiga sabuwar shekara aka sa kwaɗo a ƙofar. Kessler ya koma manajan sabon reshe. Corbel ta wayi gari ba inda za a sayi ko da albasa, sai an yi tafiyar kusan awa guda a mota, tsofaffi kuwa da yawa sun daina tuƙi. Orville na cikinsu, ido ya yi rauni.

Abin ya ci Verna ƙwarai, har ta daina zama shan gahawa bayan an tashi daga coci. Daga ƙarshe ta haɗiye girman kai ta buga ƙofar yayanta.

"Yaya, ginin nan a banza yake, ga firji ga kantoci. Mu haɗa hannu mu 'yan gari mu buɗe namu. Amma ba wanda ya san harkar sai kai."

"Au, yanzu madarata ta yi araha?"

"Faɗi duk abin da za ka faɗa, na cancanci haka."

Ya daɗe yana kallon ta. "Kin tsufa, Verna," ya ce. "Shigo, sanyi na shiga."

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ta gani tun rasuwar Harlan. Orville ya farfaɗo kamar shukar da ta sami ruwa. Ya kira manoman da ya saba da su, mata suka yi ta toya kek ana sayarwa don asusun shago, ita kuma kullum tana gidansa suna musu a kan inda za a ajiye nama. Ranar da wakilin kamfani zai zo zauren gari a yi cinikin ginin, Orville ya ɗauko farar rigar yankan nama ta mahaifinsu, ya naɗe ta a hammata, wai don sa'a.

Wakilin ya zo da Kessler a gefensa. Ya ce kamfani na ƙaunar Corbel, zai sayar da ginin da rahusa. Sharaɗi ɗaya ne, kuma a duk inda suka tashi haka suke yi: ba za a sayar da abinci ko magani a wurin ba, har tsawon shekaru masu yawa. Shagon tayoyi dai, ko wurin ibada, ba laifi.

"To ina za mu sayi abincin?" wata tsohuwa ta tambaya.

Wakilin ya ce ai sabon reshensu a buɗe yake kullum.

Verna ba wakilin take kallo ba. Da aka watse Kessler ya nufo ta da hannu a miƙe.

"Mama Verna, wallahi daga sama ne, ba ni da ta cewa."

"Ranar da na tare ka a ƙofa, ka sani?"

Ya dubi takalminsa. "An hana mu faɗa. Da mutane sun watse kafin Kirsimeti."

Ba ta karɓi hannun ba. Baƙin cikin da ya tokare ta ya wuce na aiki ko na gini. Wannan ne mutumin da ta ba gurbin ɗan'uwanta.

A mota Orville ya ɗora rigar mahaifinsu a cinya, suka wuce coci.

"In tawa ta zo," ya ce, "ki nemo mutum shida. Ko biyar kika samu, ki kama ɗaya gefen da kanki."

"To, Yaya."

"Madara ta ƙare a gida," ya ce.

Ba wata hanya, sai ta karya kan mota ta hau babban titi. A ƙofar sabon kantin wata mata cikin koriyar riga ta yi musu murmushi ta ce sannu da zuwa. Verna ta dubi rigar. Ta karɓi keken, ta kama hannun yayanta ta ɗora a kai don ya dogara, suka shiga.