Shawarar da Na Sata a Wurin Malam Lawali Sha-Biyu

Duk wanda ya san Malam Lawali ya san ƙarfe sha biyun rana. Ko yana tsakiyar farfajiyar wani, injin yankan ciyawa na ruri a ƙarƙashinsa, da agogo ya buga sha biyu sai ka ji ɗif. Ya kashe. Ya sauko, ya kakkaɓe wando, ya nufi inuwa da jakarsa: dogon burodi, cukun akuya, tumatir biyu, da 'yar wuƙar nan tasa mai naɗewa wadda ƙotarta ta yi baƙi don tsufa. Inji kuma ya huta ke nan sai ƙarfe biyu. Ranar Lahadi ma ko taɓa shi ba ya yi. In ka tambaye shi dalili, amsa ɗaya ce: "Bon. Haka ake yi a ƙauyenmu na Faransa."

An ce kowa ya rubuto abin da yake tunawa da shi don a karanta ranar sadakar arba'in. Ni Sule ne, Bakanon da ya shekara goma sha tara yana jan tirela ɗaya da shi, muna yanka wa mutanen Greensboro ciyawa a nan Amurka. Ni da boko a aji uku muka yi sallama, ba wanda ya yi kukan rabuwa, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Da yatsa ɗaya nake dannawa. Kuma ina da wata magana a ciki da ta fi rubutun karkacewa.

Bari mu fara da dariya, ita ta fi mini sauƙi.

Wata rana muna aiki a Sedgefield, gidan wata Baturiya mai kallon filin wasan golf. Baƙi za ta yi ƙarfe ɗaya. Mun ci rabin fili, ya koma kamar kan da wanzami ya gudu ya bari, sai ga sha biyu. Ɗif! Matar nan ta fito a guje da cokali a hannu, tana tambaya ko inji ne ya lalace.

Malam ya ce, "Gaya mata inji lafiya lau. Mutane ne ke cin abinci."

Na duba gabas, na duba yamma, ko mota babu a ƙofar kowa. Na ce, "Waɗanne mutane, don Allah? Unguwar nan ko kare ya tafi aiki!"

Ya buɗe wuƙarsa a hankali ya ce, "Ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

Ya yanki burodi, ya ɗora cuku, ya miƙa mata. Wallahi ta karɓa! Ta ci tana tsaye tana kallon rabin filinta. Ba ta kore mu ba kuma, illa daga ranar duk sanda za ta yi baƙi sai ta kira ta ce don girman Allah kada mu zo.

Sai lokacin da ya ƙaura Pleasant Garden. Kwana uku da tarewa na same shi cikin babbar riga da hula, da kwandon ƙwai a hannu. Na ce, "Ɗaurin auren wa?" Ya ce magajin gari zai je ya gaisar. Wai duk baƙon da ya sauka a ƙauye bai je ya nuna fuskarsa ga magajin gari ba, ɓarawo ne ko mai girman kai. Na ce, "Malam, nan Amurka ce, maƙwabcinka ma sai ka yi wata shida ba ka ga ƙafarsa ba, gilashin mota kawai." Bai saurare ni ba. Na kai shi don in sha kallo. Ya shiga ofis, ya gaida ta kan tebur, ya gaida mai shara, ya gaida wani da ya zo biyan kuɗin wani abu, sannan ya ajiye ƙwai. Baiwar Allah ta dubi ƙwai, ta dubi babbar riga, ta shige ciki, ta fito masa da takardar dokar kiwon kaji. Ya karɓa da hannu biyu, ya linke, ya sa aljihu. Muna fita ya ce, "Ka gani? An san da ni yanzu."

To, Malam Badamagare ne daga Nijar, kun kuwa san Bakano da Badamagare abokan wasa ne tun kakanni. Ya ce da ni mai sayar da inuwar bishiyar wani, in ce da shi wanda raƙumi ya koya wa tafiya, mu yi dariya mu ci gaba da aiki. A bayan wannan wasan na ɓuya na yi abin da ba wasa ba.

Ranar sunan jikan Alhaji Bala ne a Summerfield, maza cike da rumfa, an ci an sha. Malam ya fara, "A ƙauyenmu na Faransa..." Sai na katse shi. Na ce, "Tsaya. Shekara nawa ka ce ka yi a can?"

"Goma sha ɗaya."

"Ka hau dogon ƙarfen nan na Paris da ake nunawa a talabijin?"

"Ban ma gan shi ba. Daga filin jirgi mota ta kwashe ni sai gonar awaki. Awaki ba sa ba da hutu."

Na miƙe tsaye, ni da bakina, na ce, "Jama'a ku zama shaida! Mutum ya shekara goma sha ɗaya a Faransa bai ga Faransa ba. Ni dai na gano ta: Faransar Malam tana nan bayan Mirriya ta ƙasar Damagaram, in ka wuce kasuwar dabbobi ka yi hagu."

Rumfa ta ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Da yawanku kuna wurin, kada wanda ya sunkuyar da kai yanzu, ni na fara. Daga ranar in ya buɗe baki sai wani ya ce, "Ta bayan Mirriya ko?" Shi kuwa murmushi kawai ya yi, ya ci gaba da ɓare lemonsa. Amma na lura, ya daina cewa "ƙauyenmu" a cikin taro. Na lura sarai, na yi kamar ban lura ba.

Allah kuwa ya iya shirya abinsa. 'Yata Hadiza tana auren Mamman, ɗan Nijar da ya yi karatun likitan dabbobi, suna da 'ya ɗaya, Amira, sai aka ba shi aiki a wani ƙauye can tsakiyar Faransa, inda shanu suka fi mutane yawa. Ranar da ake sallama, Malam ya matso ya ce, "Hadiza, zo in gaya miki abu biyu uku." Na tare shi a gaban kowa. Na ce, "Kada ka ruɗa mini yarinya. Faransa ta gaske za ta." Ya ce, "Bon," ya koma ya zauna.

Wata huɗu ba su cika ba Hadiza ta kira ni da safe tana kuka. "Baba, ni gida zan dawo. Mai burodi ba ta ko kallona. Tsohuwar da ke jikin gidanmu ta liƙa mana takarda a ƙofa. Yara ba sa wasa da Amira. Mamman yana can wurin shanu tun asuba, ni kaɗai kamar mayya. Na gaya masa, ko ya bar aikin ko in ɗauki 'yata in taho."

Aure ke nan yana rawa a gabana. Ni kuwa abin da na sani game da Faransa bai wuce dogon ƙarfe ba. Na tambaye ta me takardar ta ce. Wai sun tayar da injin ciyawa ranar Lahadi da tsakar rana. Jama'a, nan take Malam ya faɗo mini a rai.

Mai hankali da ya je ya ce, "Malam, na yi kuskure, taimake ni." Ni ba shi ba ne. Washegari da sha biyu ta yi, na zauna kusa da shi a inuwa, na ɗauki muryar tsokana na ce, "To Badamagare, bari in gwada ka. In da gaske ka zauna can, me zai sa mai burodi ta ƙi kallon mutum?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Bai gaishe ta ba. Can ba a shiga kanti a ce ba ni kaza. Kana tura ƙofa ka ce bonjur, da ƙarfi, ga mai kanti da duk wanda ke tsaye, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. In za ka fita ka yi sallama. In ka tsallake wannan, ko shekara goma kake sayen burodinta, kai ba kowa ba ne."

Na ce, "Ƙarya dai ba ta yi maka wuya." Na tashi wai zan duba tayar tirela. Na shige mota, na danna waya na aika wa Hadiza saƙon murya: "'Yata, ki saurari mahaifinki, ni na ga duniya..." Na zazzage mata maganarsa kaf, har da inda ya yi tari.

Haka muka yi ta yi, kusan kullum. Ni in zo da jarrabawa, shi ya amsa, ni in je duba taya. Tayar nan ta sha dubawa! A buɗe tagogin katako da safe, in ba haka ba za a ce ba ku da lafiya ko kuna raina mutane. A je ofishin magajin gari a gabatar da kai, ba sai an je neman takarda ba. Kada a buga wa kowa ƙofa tsakanin sha biyu da biyu. In maƙwabciya ta ba da kabewa daga lambunta a karɓa ko an ƙoshi, kuma kada a mayar da kwando wayam. Da bikin ƙauye ya zo na ce, "To mai salla fa? Ga giya ga naman alade." Ya ce, "Ba mai leƙa farantin wani. A je, a zauna, a sha ruwa. In an tashi a tsaya a kwashe kujeru da mutane. Wannan kowa zai gani."

Hadiza ta yi dambun nama ta kai wa tsohuwar mai takarda. Tsohuwa ta karɓa fuska a ɗaure, bayan kwana biyu ta dawo da kwanon cike da ƙwai. Yanzu ita ke ɗauko Amira daga makaranta in Hadiza ta makara. Maganar dawowa gida ta mutu. Sai ga saƙo: "Baba, ashe haka kake da ilimi ba mu sani ba? Mamman ya ce kai ka ceci gidanmu." Na ce, "Ai ba komai, 'yata, zama da mutane ne." Na karɓe yabon nan na haɗiye ko ƙwarewa ban yi ba. Kuma a satin, a bakin masallaci, da wani ya ce "ta bayan Mirriya," da ni aka yi dariya.

Kullum ina cewa gobe zan gaya masa. Ciwon bai ba ni goben ba. Kwana shida ya yi a asibiti, ya cika ranar Talata da hantsi, kafin sha biyu, kamar ba ya son ya katse wa kowa abinci.

Bayan addu'ar uku, matarsa Hajiya Mariama ta sa aka kira ni. Ta ajiye mini wuƙar a kan tabarma, da wani tsohon hoto: Malam yana saurayi siriri, cikin takalmin roba, awaki kewaye da shi, wani tsoho Bature da matarsa sun dafa kafaɗunsa, bayansu gidan dutse mai tagogin katako a buɗe.

Ta ce, "Wuƙar ya ce a aika wa Hadiza, ta fi amfani a can."

Na ce, "Hajiya, me ya haɗa shi da Hadiza?"

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya sha mai ya goge baki da riga. Ta ce, "Haba Malam Sule. Tun ranar mai burodi ya dawo gida ya ce, 'Yarinyar nan na shan wuya.' Duk tambayar da ka kawo, sai ya kira ɗan tsohon nan na cikin hoto ya ji ko abubuwa sun sauya, don kada ya ba ta tsohon zance. Har cewa yake, 'Yau Bakano bai duba taya ba, ko lafiya?'"

Na ce, "To me ya hana shi faɗa mini?"

"Na tambaye shi. Ya ce, 'In ya san na sani, kunya za ta hana shi dawowa, yarinyar ce za ta biya.'"

Ban san yadda na fito daga gidan nan ba. Takalmin wani ma na sako, sai a mota na gani.

Saboda haka ku saurara, ku da kuka yi dariya a rumfar Alhaji Bala. Malam Lawali ya zauna a Faransa shekara goma sha ɗaya, hoton na aljihuna ga mai son gani. Maƙaryacin ni ne. Hadiza, na san za a tura miki wannan: ko kalma ɗaya a cikin saƙonnin nan ba tawa ba ce, in ban da "na ga duniya," ita ma ƙarya ce. Wanda ya riƙe miki gida shi ne wanda na hana ki saurara ranar da za ki tafi. Ki gaya wa Mamman, ki gaya wa Amira sunansa.

Jiya ina aiki ni kaɗai a Sedgefield, sha biyu ta buga, na ga hannuna ya kashe inji da kansa. Na zauna a inuwarsa, ba burodi ba cuku, ba kuma wanda zan tsokana.

Ya Allah, bawanKa Lawali ya rufa mini asiri alhali ina tona nasa, Ka rufa masa asiri ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba Hajiya Mariama da yara haƙuri. Ka saukar da shi cikin maƙwabtan da za su amsa gaisuwarsa tun daga bakin ƙofa. Ni kuma Ka sa ya yafe mini. Amin.