Matar Aro a Gidan Hajiya Hasanatu

Duk direban yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, da injinsa ya taɓa mutuwa a hanyar Choggu a Tamale ya san Abdulfatawu makanike. Kwantenarsa ce shuɗiyar nan ta gindin darbejiya. A zango, unguwar Hausawa, aka haife shi, ubansa Bahaushe mai sayar da goro, uwarsa Badagomba. Ya tashi da harshe biyu a baki, amma ko a ɗaya ba shi da yawan magana.

Da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Mashudatu, ba a jima ba mai gidan da suke haya ya ce yana son ɗakinsa, ɗansa zai yi aure. Uba da 'ya suka koma kwantena. Ya raba ta da labule, gaba wajen aiki, baya wajen kwana.

A nan yayarsa ta Savelugu ta same su, yarinya na aikin makaranta a kan tsohuwar taya. A wajen dangin uwarsu, gwaggo ta ɗauki 'yar ƙaninta ta raina ba abin roƙo ba ne, haƙƙinta ne. Yaya ko zama ba ta yi ba.

"Bayan Babbar Sallah zan dawo. In na tarar da ita cikin ƙarfen nan, da ita zan koma. Kuma kar ka nuna mini ɗakin haya, gobe a sake watso muku kaya waje."

Bai yi musu ba, don ba a musu da Yaya. Ya sayar da rabonsa na filin ubansu a Kukuo, ya nemi Godfred.

Godfred mutumin kudu ne, aiki ya kawo shi Tamale, aikin ya ƙare shi kuma ya ƙi tafiya. In ka ce masa dillali sai ya ɓata rai. Shi mafaraucin gidaje ne, in ji shi, mai saye yake wa aiki ba mai sayarwa ba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya, in zai ce maigida kuma sai ya ce "Masa". Ya zaga da Abdulfatawu a bayan babur har suka gaji da juna. Gidan da suka gani a Kasalgu, shatin ambaliya ya kai gwiwa a bango. Wani kuma, 'yan'uwa biyu kowa ya ce shi ne mai shi. Ana cikin haka raguna suka fara cika gefen titi.

Rannan Godfred ya faɗo kwantena yana haki.

"Masa, na kama! Gidan sama, nan Choggu. Ciki da falo, kicin, bayi naka kai kaɗai. Takarda mai kyau paa. Makarantar yarinya, ga shi ga shi."

"Na wa ne?"

"Hajiya Hasanatu. Shi yana zaune ƙasa. Matsala ɗaya ne, ƙarami. Hajiya ya ce ba ya sayar ma gwauro."

Abdulfatawu ya ajiye sifana. "To ai magana ta ƙare."

"Bai ƙare ba. Na faɗa mashi kana da mata."

"Ka ce mata me?"

"Masa, kwantar da hankali. Na samo mata. Rana ɗaya kawai, ya zo ya gaida Hajiya, ya tafi. In an sa hannu, ka ce ya tafi garinsu haihuwa. Wa zai bi shi?"

Abdulfatawu ya ce a'a. Washegari ma ya ce a'a. Sai Yaya ta aiko da saƙon murya, ta ce ta riga ta yi wa yarinya wuri a makarantar can. Ya saurara sau biyu, ya kira Godfred.

Matar aron sunanta Salimatu, mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a tasha, bazawara mai baki kamar rediyo. A cikin yelo-yelo Godfred ya miƙa mata zobe.

"Na mene ne wannan?"

"Zoben aure mana."

"Coci za mu? Mayar da abinka, kar ka tona mu tun daga ƙofa." Ta juya kan yarinyar. "Ke, in mun shiga, Mma za ki ce mini. Faɗa in ji."

Mashudatu ta dubi ubanta. Shi kuwa ya kafa ido a titi.

"Ki faɗa, Mashuda," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na yau ne kawai."

Ba ta faɗa ba. Ta gyara hijabinta ta manne a jikin ƙarfen mota. Tun da uwarta ta rasu bai ji kalmar nan a bakinta ba, ga shi yau da kansa yake neman ta ba wata. Ya so ya ce wa direba ya juya. Kafin ya buɗe baki sun iso.

Hajiya Hasanatu na zaune a baranda tana tsinkar ganyen ayoyo na miya, tsohuwa doguwa mai tabarau. Matan gida biyu na wanki a tsakar gida, suka dakata suna kallo. Baƙi suka durƙusa, aka gaisa da Dagbani, harshen Dagomba.

"Antire."

"Naa, naa."

Abdulfatawu ya ajiye ƙullin goro. Hajiya ta tambayi asalinsa, ashe ta san ubansa a kasuwa. Ta koma kan Salimatu, ita kuwa kamar an kunna ta: garinsu, sana'arta, yadda maigida ke son tuwo da zafinsa. Har da hararar wasa ta jefa masa. Hajiya ta yi dariya, ta ce a kawo mabuɗin sama. Godfred ya ɗan taka ƙafar Abdulfatawu.

"Zo nan, kishiyata," in ji Hajiya ga yarinyar. "Ke ba ki magana? Ko mijina kika zo ƙwacewa?"

Ta jawo ta jikinta, ta ɗora mata hannu a ka. Sai hannun ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa, sannan ta zame hijabin.

Kitso ne, in za a kira shi kitso. Layi huɗu, wani ya yi gabas wani ya yi kudu, tsaga a karkace, an ɗaure bakin kowanne da robar tayar babur.

"Innalillahi! Wa ya yi miki wannan aika-aika?" Ta dubi Salimatu ta saman tabarau. "Ke da kanki a gyare tsaf, ki bar 'yarki haka?"

"Wallahi ba ni ba ce!" Maganar ta fita kafin Salimatu ta kama ta. "Ni ko da hannun hagu..."

"Hajiya, sabon yayi ne," in ji Godfred. "A Accra yanzu..."

"Kai, rufe mini baki." Hajiya ta ɗago haɓar yarinyar. "Faɗa mini."

Mashudatu ta sake duban ubanta. Wannan karon bai kau da kai ba.

"Babana ne. Kuma shi ba ya ja da zafi."

"Uwarki fa?"

"Ta rasu."

Masu wanki sun daina ko da motsi. Hajiya ta nuna ƙofa da ganyen ayoyo. Salimatu ta miƙe tana gyara mayafi, tana cewa dama ita an ce mata gaisuwa ce kawai. Godfred ya bi ta, ya tsaya a bakin ƙofa, Hajiya ta dube shi, ya ƙarasa fita.

"Ɗan mai goro, a gidana? Ka sa marainiya ta tsaya ta ga ubanta na ƙarya?"

Ya faɗa mata komai, kwantena, Yaya, Sallah. Bai yi ado ba, don bai iya ba.

"Yayarka ta fi ka gaskiya," ta ce. "Ni ma gwaggona ce ta raine ni, ga ni ban mutu ba. 'Ya mace za ta girma, akwai abin da ba za ta iya faɗa maka ba. Kuma dubi can, matan mutane ne da ɗaurin ƙirji. In sa musu gwauro yana ratsa su safe da yamma?"

"Gaskiya ne, Hajiya." Ya dubi 'yarsa. "Amma ita kaɗai ta rage mini. In ta tafi, ban san wa zan tashi in dafa wa shayi ba."

Hajiya ta miƙo hannu. "Ba ni lambar yayar taka."

In Yaya ta ji zancen matar aro, ba sai bayan Sallah ba, gobe za ta zo. Amma hannun Hajiya na miƙe. Ya ba ta wayar.

Ta kira, ta buɗe muryar wayar kowa na ji, suka yi gaisuwar Dagbani mai tsawo, shi yana durƙushe ƙafarsa ta mutu. Sannan Hajiya ta zayyana komai, ba ta rage ko zobe ba, don Mashudatu ta raɗa mata. Sai muryar Yaya ta fito daga wayar.

"Abdulfatawu ne ya yi wannan? Wanda ko ciniki bai iya ba?"

"Shi fa. Yaro ya kai maƙura."

"To in ta fara girma, wa zai duba ta?"

"Ni ina nan a baranda, ba inda nake zuwa."

Yaya ta ce, "Dogon hutu a wurina za ta yi. Duk shekara. Kuma sai na zo na ga gidan da idona."

Ta zo kuwa, ta hau sama, ta buɗe famfo, ta leƙa bayi, ta sauko ta ci tuwo da Hajiya, shi ko kallonsa ba ta yi ba. Ta koma Savelugu ita kaɗai.

Hajiya ta sayar, amma da sharaɗi: har sai ya yi aure na gaskiya, ƙafarsa ba za ta taka tsakar gida ba. Da hannunsa ya haɗa matakalar ƙarfe ta bayan gini, wajen tankin ruwa. Yau in ya tashi aiki suka taho tare, a kwanar gidan suke rabuwa. Mashudatu ta shiga ta babbar ƙofa tana gaishe-gaishe, shi ya zaga ta lungu da jakar sifanunsa, su haɗu a sama.