Alewar Da Na Hana Yaya

Mahaifinmu alewa yake yi a cikin birnin Kano. Ba irin wannan ta leda da yara ke tsotsa yanzu ba. Sukari yake dafawa da ruwan lemon tsami har ya yi danƙo, ya rataya shi a wata ƙugiyar ƙarfe da ke kafe a bangon zaure, ya yi ta ja yana ninkewa har ta tashi daga ja ta koma fara tas. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, ni da Yaya, wanda ya ba ni shekara biyar. Idan Baba ya gama yanka ta talla, gutsattsarin da ya rage a faranti namu ne. Yaya ke rabo, kuma wallahi kullum sai ya cuce ni. A zamanin akwai hanjin ligidi, akwai carbin malam, akwai kantun riɗi, amma mu 'ya'yan mai alewa ko kallo ba su ishe mu ba.

Baba ya rasu, sana'ar ta bi shi. Mu kuma muka faɗa kasuwancin jakunkuna, har ya kai mu Guangzhou. A shekarar da Chana ta karɓi wasannin Olamfik na haura hamsin, Yaya yana neman sittin. Muna zaune a wani ɗan gida a hawa na biyu a unguwar Panyu, duk mako mu hau mota zuwa Shiling inda ake ɗinka jakunkunan. A hanyar dawowa daga can ne wata rana Yaya ya dafe ciki ya ce in sa direba ya tsaya. Asibiti suka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Na so in kawo shi gida, likita ya ce ba zai jure zaman jirgi ba. Muka koma ɗaki muna jiran ya ɗan yi ƙarfi. Abinci ya daina shiga, ko kunu cokali biyu ne ya kau da kai.

Gadonsa yana jikin taga. Kullum bayan la'asar wani tsoho ɗan Chana yakan bi ta layinmu da kwando, yana buga 'yar guduma a kan ƙarfe don yara su ji. Wata rana Yaya ya kira ni.

"Zo ka gani, don Allah."

Na leƙa. Tsohon ya buɗe kwando, ga wani farin abu dunƙule, ya ɗora ƙarfen a kai yana bugawa yana ɓantarowa.

"Alewar Baba ce," in ji Yaya. "Dubi farinta. Sauka ka sayo min."

To, sai na faɗi halina. Mu 'yan kasuwar Kano a can ba ma cin abin da ba mu san asalinsa ba, saboda tsoron alade. An sha gaya mana har burodi da biskit ana sa musu kitsensa. Daga gida muke ɗauko kuka da daddawa da kilishi da garin kunu. A cikinmu kuwa ni na fi kowa tsanani, shi ya sa suke kira na Ustaz, kuma ina jin daɗin sunan.

"Haba Yaya!" na ce. "Shekara nawa muna kiyayewa, sai yanzu da kake kwance?"

"Sukari ne kawai, Ustaz. Ni ɗan mai alewa ne, in na gan ta na san ta."

"Ka ga lokacin da ya dafa? Baba man gyaɗa yake shafa wa hannunsa kafin ya ja. Shi wannan wane mai ya shafa?"

Ya yi dariya har sai da ciwon ya motsa. Ya ce, "Tun kana yaro kake jiran ranar da rabo zai dawo hannunka."

Na yi masa alkawarin ta gida, ta ainihi. Na buga wa wani abokin kasuwancinmu da ke shirin tasowa daga Kano, na kwatanta masa wani dattijo a kasuwar Kurmi da har lokacin yake yin ta irin ta dā. Ya je ya sayo. Sai dai saboda wasannin nan an tsananta biza, aka yi ta yi masa gobe, jibi. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi.

Tsohon kuwa bai fasa wucewa ba. Yaya ya sake roƙo na, na ce saura kaɗan. A karo na uku muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Ko lasa ce in yi, ƙanina." Na ce masa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ka ji fa, ni da lafiyata ina koya wa mai jinya haƙuri! Daga ranar bai ƙara tambaya ba. Da na ga yana juya kai duk lokacin da gudumar ta yi ƙara, sai na riƙa rufe tagar tun kafin la'asar, wai ina tausaya masa.

Ranar wata Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Muka binne shi a maƙabartar musulmin garin.

Kwana uku bayan haka wani Bamaraɗe abokin Yaya, wanda ya iya yaren Chana, ya ja ni ƙasa in sa wani abu a cikina. A ƙasan gidanmu akwai shagon taliya na wani dattijo musulmi ɗan Chana mai farar hula, wanda muka yi shekaru muna ci a wurinsa. Muna zaune sai ga tsohon da kwandonsa. Mai shago ya yafito shi, ya saya, ya yi bismilla ya jefa a baki, sannan ya miƙo min wani ɓantare.

Ban karɓa ba. Na ce wa Bamaraɗen, "Tambayi mai shagon, da me ake yin ta?"

Suka yi magana. Ya juyo ya ce, "Wai tsiron alkama ne da shinkafa. Babu mai ko ɗigo, gari ake barbaɗa mata. Ya ce tun kakanninsu suke sha, har masu tari suke ba wa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mako uku mai shagon nan yana ƙasa da mu, matakala kawai zan sauko in tambaye shi. Ban tambaya ba, don ina ganin na riga na sani. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi da hannuna. Na tashi na bar taliyar, na hau sama na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da na dawo Kano na shiga gaida matar Yaya, tana cikin takaba. Ta yi min godiyar jinya, ta sa min albarka, ta ce ta san ban bar shi ya rasa komai ba. Har na miƙe zan fita ta ce, "Alhaji, da ya daina cin abinci, babu wani abu da ransa ya so? Ka san shi da kwaɗayi."

Na tsaya a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Na ce mata, "Bai nemi komai ba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."