Masu Gadin Jikin Surajo

Surajo shi ne shugaban 'yan sintirin Ba'awa, kuma wallahi ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya. A wurinsa duk matsalar duniya ƙarancin masu gadi ce. Ko akuya ce ta ɓata, sai ya kira taro a ƙara mutum biyu.

Da matarsa Turai ta je awon ciki a Kiru aka gano ƙanjamau a jininta, aka auna shi, shi ma haka. Nas ɗin ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wasu 'yan furotin masu tare cutar, su lalata ta kafin ta hayayyafa. Ita kuma cutar sai ta manna musu alamar shara, jiki da kansa ya kwashe su ya zubar. Magani ne ke hana ta hayayyafa.

Gogan naka bai ji komai ba sai "masu tarewa".

"Ashe ina da 'yan sintiri a ciki," ya ce min. "Yunwa ce ke damunsu, Malam."

Ya jefa maganin bayan rumbu, ya shiga ciyar da ma'aikata: kifin Tiga da safe, fura da zuma da rana, balangu da yamma. Turai dai ba ta yi musu da shi ba, kullum tana haɗiyar nata, don tsoron kada cutar ta kama abin da ke cikinta. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Haushi kamar in mare shi.

Ta haifi Hasana, aka yi ta aunawa, yarinya lafiya ƙalau. Shi kuwa ciwo ya kwantar da shi, a kan achaɓa muka kai shi Kiru, ina riƙe da shi ta baya kamar buhun dusa.

"To wai wa ya kori masu gadin nawa?" ya tambayi nas.

"Jikinka ne. Cutar ta nuna su, shi kuma ya yarda."

Bara Surajo ya kori Idris daga sintiri, yaron da ya fi kowa tsare gari, saboda wani ɓarawon masara ya raɗa masa cewa Idris ne ɓarawon. Yaron ya koma Tudun Wada.

Surajo ya miƙa hannu ya karɓi maganin.

"Malam," ya ce, "Idris yana Tudun Wada har yanzu?"